Turbo ya daina iyo, ɗana ya yi mini tambayar da ta sa ni kuka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya mini a wuya.

A unguwar Levenshulme ta Manchester muke, ni da maigidana da ɗanmu ɗaya, shekararsa tara. Yana da ciwon da ke cinye ƙarfin tsoka a hankali, bara ya koma kan wheelchair, keken marasa iya tafiya. Tun yana iya tafiya babansa ya saya masa axolotl, wata halittar ruwa ce kamar ƙadangare, da jan gashi a gefen kai, bakinta kamar mai murmushi. Ni dai na ce duk kifayen duniya a rasa abin kawo mini falo sai wannan mummunan. Amma yaro ya so shi, ya sa masa suna Turbo, saboda lokacin yana ɗan mitsitsi ba ya zama, sama da ƙasa yake yi a tank ɗin gilashin da muka zuba masa ruwa, ya ga tsutsa ya wafce.

Yanzu Turbo ya girma, sai ya wuni kwance a ƙasan ruwa, in ya motsa ma takawa yake a hankali. Mun kai shi wurin vet, likitar dabbobi, ta ce lafiyarsa ƙalau, haka suke, ƙanana ne masu rawar kai, manya kwanciya suke, sai an rage haske su ɗan zagaya. Na faɗa wa yaron, ya ce to. Ashe shi a ransa ya gama yanke cewa ciwonsu ɗaya da Turbo.

Babansa ya ga ya rage walwala, bai shawarce ni ba ya je Birmingham wurin ƙaninsa a Small Heath, ya dawo da wani axolotl ɗin ƙarami mai zillo. Aka sa shi a tank daban, don babban zai iya cizonsa. Duk wanda ya shigo gidan sai ya nufi sabon, ana dariya ana nunawa, har ni. Yaron yana kallonmu.

Ran Asabar ina sa masa safa, ya tambaye ni da Turancinsa na 'yan Manchester, wai in shi ma ya daina motsi gaba ɗaya, za mu kawo wani yaron? Na ce masa a'a, na shiga kicin na yi kuka har na gode Allah.

Jama'a, cikin wata huɗu gare ni, yaron bai sani ba.

Mun yi faɗa da babansa. Na ce shi ya jawo da azarɓaɓinsa, ya ce don ya ga yaron ya yi dariya ya yi, shi ma hawaye yake. Yana so ya mayar da ƙaramin Small Heath. Ni kuma tsoro nake, in an mayar tamkar mun yarda da maganar yaron ne, sannan ciki ya fito.

Jiya yaron ya sa na matsar da kujerarsa jikin tank ɗin Turbo, ya juya wa sabon baya, ya ce shi zai riƙa ba Turbo abinci tunda kowa ya manta da shi.

A mayar da ƙaramin ko a bar shi? Cikin nan kuma, da wane baki zan faɗa masa?