Notin da Ya Ƙi Kwancewa a Bakin Titi

Malam mai shawara, don Allah ka taimake ni. Kwana tara ke nan ina kai-kawo tsakanin falo da gindin mota kamar wanda ya yar da wani abu.

Bara na yi ritaya bayan shekara talatin da biyu ina koyarwa, kuma zaman gida bai karɓe ni ba. Na gyara ƙofar banɗaki, na gyara wadda ba ta lalace ba ma, sai idona ya faɗa kan motar maiɗakina, wadda take zuwa aiki da ita. Da juyen baƙin mai na fara, ina kallon bidiyo a waya. Da ya yi kyau sai kaina ya kumbura. Na sayo injin kwance noti mai batir, mafi araha a shagon, na ƙara da fitila da injin huda, kowanne da nasa batirin da tasa cajar. Yanzu teburin karatuna duk wayoyi ne.

Ranar da na canza mata birki, da injin nan na mayar da tayoyi. Daɗin ƙararsa ya ɗebe ni, na yi ta dannawa wai don kada taya ta fita. Kwana uku bayan nan maiɗakina ta yi faci a hanya, ga mahaifiyarta a baya za ta kai ta ganin likita. Matar da ta iya canza taya tun kafin in aure ta, ta hau sifana da ƙafa, noti ko gezau. Mutum biyu suka tsaya, su ma suka gaza. Awa biyu tsohuwa na zaune cikin rana kafin a samu a kwance tayar, har lokacin likitan ya wuce.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Mukullin motar kawai ta daina ajiyewa a kan firij. Ina jin kunya, ina kuma jin haushi, don ni taimako na yi niyya. Wane inji zan saya mai sauƙin kuɗi wanda ba zai sake kunyata ni ba? Ko in tattara komai in bayar? In na bar wannan, ban san me zan tashi in yi da safe ba.

Daga Tsohon Malami

Amsa: Baba, injinka bai yi laifi ba, abin da ka sa shi ne ya yi. Da inji ake kwancewa, da hannu ake ƙarasa ɗaurewa. Kada ka sayi wani. Nemi sifana mai awo, wadda ke yin ƙas idan ɗauri ya kai, kuma adadin yana cikin littafin motar. Ka haɗa da ƙafafun ƙarfe biyu na ɗora mota, don ba a shiga ƙarƙashinta da jak kaɗai. Nan gaba in za ka ƙara kayan batir, tsaya kan kamfani ɗaya, batir ɗaya ya riƙa shiga duka. Birkin kuwa, bakanike ya duba shi, tunda hannunka bai faɗa ba tukuna.

Niyyarka mai kyau ce, kuma ban ce ka daina ba. Amma haushin nan ajiye shi. Ita ce ta tsaya a titi tana kallon mahaifiyarta na gumi, shirunta ma ragi ta yi maka. Ka ba ta haƙuri ba tare da "ai taimako na yi niyya" ba, ka je ka gaida surukarka, ka nemo mata wata ranar ganin likita.

Sai abin da ban ga ka ambata ba: sauran tayoyi ukun, har yanzu ɗaurinka ne a kansu, kuma da su take fita kullum. Yau ɗin nan ka faɗa mata, ku je wurin bakanike ya sassauta su ya ɗaure daidai, sannan ta gwada kwance kowanne da sifanarta kana tsaye. Allah ya tsare hanya, ya sanyaya zukata.