Gorar Toka da Kofi Biyu

Zuwa ga uwargidana, Ta-Badafi,

Assalamu alaikum warahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji, makwancinki a yalwace, haske gaba da baya. In kin tambayi mutanen gida, kowa lafiya. Babban ɗanki Magaji da iyalinsa lafiya. Auta ta bugo waya daga Masar shekaranjiya, ta ce jikan nan naki da kike kira angonki har ya shiga makaranta. Ni ma ga ni nan, gwiwa ce kawai take ƙorafinta kamar yadda kika bar ta.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Labari ne ya taru mini a baki, kuma duk faɗin Kiru babu wanda zan ba shi ya gane kansa da gindinsa sai ke. Ki yi haƙuri ki saurara, ko da yake na san halinki. Da kina nan, da tuni kin ce, "Malam, taƙaita, tuwo na kan wuta."

Daga Masar zan faro, don daga can zaren ya taso.

Kin tuna shekarar da Auta ta yi haihuwar fari a Alƙahira, inda mijinta yake karatu? Babu halin ta zo gida wanka, kika ce to wankan ne zai je ya same ta. Kika haɗa kanwa da gero da yaji da daddawa. Aka ce mace ba ta doguwar tafiya ba muharrami, sai aka haɗa da ni, kamar tabarmar da ake ɗorawa a kan kaya bayan an gama ɗauri. Ke kin tafi ganin sabon ango, tsohon yana biye da jaka.

Gidan nasu ɗaki biyu ne can sama, kamar sheƙar shamuwa a kan rimi. Ba zaure, ba tsakar gida, ba inda mutum zai kauce wa surukinsa. Ke ba kya cin abinci a gabansa, ni ba na ci, shi kuma ko ruwa ba ya iya sha a gabanmu. In ya shigo sai ki ja mayafi ki juya ga bango, ni in fita baranda in tsaya ina kallon motoci kamar wanda aka ba gadinsu. Saura kaɗan kunya ta kashe mu da yunwa. Da Auta ta ɗan yi ƙwari sai surukin namu ya ƙirƙiro mana yawon buɗe ido. Kullum da hantsi ya kai mu wani wuri, ya damƙa mu a hannun wani, ya ɓace. Muna ta sa masa albarka. Sai daga baya Auta ta gaya mini a lokacin ne bawan Allah yake samu ya zauna ya ci ya ƙoshi.

Ranar da aka kai mu dalar Fir'auna na tashi da malantata ta da, ina ta yi miki bayanin yadda aka jawo duwatsu. Kika ɗaga kai har kallabinki ya zame, kika ce, "Wa ke kwana a ciki?" Na ce kabari ne, na mutum ɗaya. Kika ce, "Gara dalar gyaɗarmu ta Kano, ita ko ba komai an ci." Sannan kika durƙusa kika damƙi ƙasar wurin, kika murza, kika watsar. Kika ce nan ko aya ba za ta yi ba. Mutane daga ko'ina a duniya suna ɗaukar hoto, ke kina duba ko wurin zai yi noma.

Sai yammacin da aka sa mu a kwalekwale a Kogin Nilu, irin mai ƙyallen nan da iska ke turawa. Benci ɗaya ne a ciki, dole muka zauna kafaɗa da kafaɗa. Tun da aka kawo ki gidanmu daga Badafi ban taɓa zama kusa da ke haka a bainar jama'a ba. Har waiwayawa na yi in ga ko wani ɗan Kiru yana kallo. Mai jirgin ya kunna ɗan risho, ya miƙo mana wani jan abu mai tururi a ƙananan kofunan gilashi. Kika kurɓa, kika dube ni ta gefen ido, kika ce, "Malam, zoɓo ne fa. Mun hau jirgin sama mun ƙetare hamada don a ba mu zoɓo, ko sanyaya shi ma ba su yi ba."

Na yi dariya har mai jirgin ya taya ni ba tare da ya san dalili ba. Amma kin shanye, kin miƙa kofi an ƙara miki.

A gida ni ina ci a zaure da maza, ke a ciki da yara. Haka muka tarar, haka muka yi. Sai a kan ruwan nan, da furfura a kanmu, na fara sanin cewa in abu ya yi miki daɗi lumshe ido kike yi.

Da za mu taho kika sa Auta ta kai ki kasuwa. Matan da muka haɗu da su suna sayen turare da dogayen riguna, ke kika tsuguna gaban buhun zoɓo kina tona gindinsa kina tsintar gurguzu, 'ya'yan da ake shukawa. Mai shagon yana ta zuba miki Larabci, kina mayar masa da Hausa, har ya gaji ya bar miki, tunda a wurinsa dattin buhu ne. Kika ƙulle a bakin zane. Wannan ƙullin da kofin gilashi biyu, su ne duk tsarabarki daga ƙasar Masar.

Da damina ta faɗi kika shuka shi a iyakar gonarmu ta hanyar Ɗansoshiya, inda mata ke shuka zoɓo tun kaka da kakanni: gefe, don ya raba gona da gona, kada ya tare wa hatsi wuri. Ya fito daban da namu. Karansa ja wur har jijiyar ganye, 'ya'yansa manya, jansu mai duhu. Mata suka yi ta sintiri suna roƙon iri. Busasshen kin ba kowa, kwano-kwano. Amma iri, ke da kika yi kyauta da komai a duniya har da zanen jikinki, kika hana. Kika ce, "In ya zama na kowa, Masar ta ƙare."

Daga nan Juma'a ta canza a gidan nan. Bayan la'asar sai ki shimfiɗa tabarma ɗaya a bayan rumbu, ƙarƙashin mangwaro, ki dafa shi da zafinsa da ɗan citta, ki jera kofi biyu. Wani lokaci ki haɗa da gurasa da waken nan irin nasu, wanda kike cewa an dafa shi har ya manta sunansa. Sai ki leƙo zaure ki ce, "Malam, jirgi zai tashi."

Yara suka sa wa bayan rumbu suna. Baƙo ya yi sallama ya ce Malam na nan, sai su ce ya tafi Masar, sai magariba. 'Yan majalisarmu na ƙofar masallaci sun yi ta yi mini tsiya, wai na zama mijin-ta-ce da tsufana. Na ce musu wanda bai taɓa hawa jirgi ba dole ya ce ruwa abin tsoro ne. Ba wani zance muke yi a kan tabarmar ba. Ki ce akuya ta kusa haihuwa, in ce masarar Magaji ta yi kyau, mu yi shiru. Shirun nan nake nema yanzu, na rasa. Wanda nake da shi wani iri ne dabam.

Bara da kaka, da ciwon ya riga ya kama ki, kika ƙi yarda kowa ya ɓare miki zoɓon. Kika zauna kika ɓare da hannunki, ƙaiƙayi da komai. Busasshen kika zuba a babbar kwalla. Irin kuma kika cuɗa da toka kika ɗura a gora, yadda mahaifiyarki take yi don kada ƙwaro ya huda, kika rataye a bayan ƙofa. Ba ki ga wata damina ba.

Bayan sadakar arba'in mata suka taru kwashe ɗakinki, ni ina zaure ina amsa gaisuwa. Matar Magaji ta ga gora cike da toka. Ta kai juji ta juye, ta wanke gorar tas, ta mayar inda ta ɗauko. Yarinyar kirki ce, gyara ta yi. Ni kuwa ban shiga ɗakin ba sai da gajimare ya fara haɗuwa, na ce bari in ɗauko iri. Na ɗaga gorar na ji ta sakayau. Na fita bayan gida, na tarar har an kwashe jujin da amalanke an kai gona taki, wurin ya zama fili kamar an share don salla.

Ban ce wa yarinyar komai ba. Toka ta gani, toka ta zubar. Na koma bayan rumbu na zauna da gorar a cinya, kuma ranar ce, Ta-Badafi, na san da gaske kin tafi.

Juma'a dai ban fasa ba. Ina hura gawayi da kaina, in ɗebo daga kwallarki. Har yau ban gane hannunki ba, wani sati ya yi tsami kamar tsamiya, wani sati ya zama ruwa mai launi. Ina zuba kofi biyu. In sha nawa, naki ya zauna yana tururi har ya gaji ya huce, ya koma zoɓo irin namu na gida. Dab da magariba sai in shanye shi, don na san ba kya son almubazzaranci. Kwallar tana ta yin ƙasa, yanzu in na sa hannu farcena yana taɓa gindinta. Auta ta ce za ta aiko mini da buhu guda daga can. Na ce Allah ya yi albarka, ta bar shi. Ban iya yi mata bayanin cewa wanda ya bi ta hannunki nake nema ba.

To ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Watan jiya Magaji ya ce zai yi wa masara feshin ciyawa. Na ce bari in taka in ga gonar, rabona da ita tun rasuwarki. Masara ta kai ƙwauri. Ina shiga na hangi wani abu ja a gindin wata kunya. Na ɗauka tsumma ne. Na matsa, na sunkuya. Ɗan tsiro ne, karansa ja wur har jijiyar ganye. Na ɗaga ido, ga wani, ga wani can. Duk inda aka zube tulin taki aka baza, sun fito, a warwatse cikin masara kamar yaran da aka taso daga makaranta. Ban san lokacin da gwiwar nan mai ƙorafi ta kai ƙasa ba.

Na ce wa Magaji ba za a yi feshi ba, maganin ba ya bambanta ciyawa da zoɓo. Ya ce, "Baba, gona guda za a bar wa ciyawa saboda zoɓo?" Na ce ni zan nome da hannu. Ya dubi gwiwata, ya dubi gonar. Ya ce to a tumɓuke su a dasa a iyaka, inda aka saba. Na ce masa shekara da shekaru uwarka tana gefe, bana ta shigo tsakiya, ba ni zan mayar da ita ba.

Ya saɓa tankin feshinsa ya nufi gonar fadama. Washegari na tarar da fartanya a jingine a ƙofar ɗakina, an yi mata sabuwar ƙota doguwa, yadda ba sai na sunkuya sosai ba. Ɗanki ne, bakinsa nauyi, hannunsa sauƙi.

Yanzu kullum da safe ina can. Masu wucewa a babur suna rage gudu su kalli tsohon da ke noman masara da fartanya a zamanin feshi, wasu su ce sannu Malam da muryar da ake gaida marar lafiya. Ciyawa ta fi ni sauri, ba zan ɓoye miki ba. Kafin in kai ƙarshen gona farkonta ya sake rufewa. Amma 'yan jajayen nan suna tashi, wasu har sun yi reshe.

Na biya ta wurinki jiya. Ruwan bana ya kwantar da tudun, ciyawa ta rufe shi, sai wanda ya sani. Na tuna abin da kika ce a gaban dalar Fir'auna, na yi murmushi ni kaɗai a maƙabarta, Allah ya sa ba wanda ya gan ni.

Akwai abu ɗaya da nake neman afuwarki a kai tun kafin in aikata. In Allah ya kai ni kaka, zan ɓare shi, in cuɗa irin da toka in ɗura a gorarki. Amma zan karya dokarki. Zan ɗiba in ba matar Magaji, in ba matan da suka yi ta sintiri, in aika Badafi. Na ga abin da ke faruwa da irin da mutum ɗaya kaɗai ya san inda yake. In kin ce Masar ta ƙare, sai in ce miki tun ranar da kika tafi ba wanda ya sake leƙo zaure ya kira ni.

Allah ya jiƙanki, Ta-Badafi. Allah ya kai haske kabarinki, ya yafe miki kurakuranki, ya shayar da ke daga ƙoramun Aljanna. Allah ya ara mini ƙarfin da zan kai kaka, in kuma bai ƙaddara ba, ya sa Magaji ya gane jan kara a cikin kore. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu a benci ɗaya.

Yau Juma'a, an idar da la'asar, ruwa ya tafasa. Abin da ya rage a kwalla zai kai ni 'yan makonni in na riƙa tsakura. Na shimfiɗa tabarma, na jera kofi biyu. Jirgi zai tashi.

Wassalam.

Naki,
Malam, daga bayan rumbu.