Baba ya ba ni wuƙar layyarsa, bai san an sake haifata a coci ba

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu. Ban ma sani ba ko har yanzu ina da bakin yi muku wannan sallamar, amma harshena ya saba. Don Allah Anti a ɓoye sunana. Ku kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagina, don duk zagin da za ku yi na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi.

Ni mahauci ne, shekarata talatin da ɗaya, ina zaune a Abakpa cikin Inugu. Aminin mahaifina ne ya ɗauko mu daga ƙauye, ni da ƙanena, bayan rasuwar mahaifinmu. Baba muke ce masa, kuma shi ne babba a mahautan kwatarmu. Shi ya koya mini yadda ake kayar da sa a fuskantar da shi alƙibla, yadda ake wasa wuƙa a inda dabba ba ta gani, yadda ake ja sau ɗaya ba tare da ɗaga hannu ba. Wanda ya san kudu ya san tsarin: Ibo suna fiɗa, suna babbaka, suna sayarwa, amma wuƙar yanka a hannun Musulmi take, don 'yan'uwanmu su ci nama hankali kwance. Shekara shida ke nan ni ne mai yankan. Duk mai tsire da mai tuwo a unguwarmu, da zarar an ce yankana ne, ba ya sake tambaya.

Shekara biyu da suka wuce na ari okadar wani abokina, wato babur ɗin haya, na goya ƙanena. Ban ƙware ba, ni ma na sani. Ya ce, “Yaya, mu hau Keke Napep mana.” Na ce masa matsoraci ne. Ba mu yi nisa ba mota ta kwashe mu. Ni ƙujewa kawai na yi a gwiwa, shi ko asibiti bai kai ba. Kowa ya ce ƙaddara ce, kuma ban musa ba, amma wa ya ce masa matsoraci? Na yi istigfari, na yi sadaka, na yi azumi, abin nan yana zaune a ƙirjina kamar dutsen niƙa. Ban ce addini ne ya gaza ba, kar wani ya juya mini magana. Ni ne na kasa yafe wa kaina.

Akwai wani Ifeanyi da ke babbakar ganda a gefenmu, mutumin kirki ne, bai taɓa zagin addinin kowa ba. Wata rana ya same ni na zauna a bakin kwata na zuba wa jini ido, ya ce, “Aboki, you still dey carry your brother for head. You fit born again o.” Wai har yanzu ina ɗauke da ƙanena a ka, amma za a iya sake haifata. Na yi dariya, na ce ƙato kamata, wace uwa ce za ta ɗauki wannan wahalar? Ya ce ba haihuwar ciki ba ce. A koyarwarsu, in mutum ya ba da gaskiya ga Yesu, tsohon mutumin da ke cikinsa mutuwa yake yi da duk laifinsa, Allah ya ba shi sabuwar zuciya, ya fara daga farko kamar jariri. Jama'a, ku sa kanku a matsayina. Ni da kullum nake fatan a ce wanda ya hau okadar nan ba ni ba ne, sai ga wani yana ce mini akwai hanyar da zai zama ba ni ba ne. Me kuke zato zan ji?

Na fara binsa cocinsu ranar Laraba da la'asar, can wani gefen gari inda ba a san fuskata ba, ina ce wa Baba na kai wa masu otal nama. Ranar da na fita gaban fastonsu na durƙusa na karɓi addininsu, na yi kukan da ban yi ba ko a ranar jana'iza. Bayan wata uku aka yi mini baftisma a wani rafi. Ba zan yi muku ƙarya ba, da na ɗago daga ruwan nan na ji sakayau, satin nan na yi barcin da rabona da shi tun ranar hatsarin. Ba wanda ya ba ni ko sisi, ba mace na bi ba. Da ƙafata na je.

To amma wannan sabon mutumin, washegari da asuba ina ya nufa? Kwata. Ya sa hularsa, ya ɗauki wuƙa, aka kayar masa da shanu. Da farko na ce ai ba komai, tunda Bismillah ɗin nake yi. Sai ran nan na ja wuƙa, na ji leɓena ya ambaci sunan Yesu ban shirya ba. Na dubi masu riƙe da igiya, ba wanda ya ji. Naman nan a gabana aka raba shi, har da na gidan suna.

Hankalina ya ƙi kwanciya, na je wurin malamin da ke ja mana salla, na yi kamar labarin wani nake yi. Na ce, “Allah gafarta Malam, an ce yankan Kirista ya halatta?” Ya ce, “Akwai magana a kai, da yawa sun halatta.” Na ce, “To wanda yake Musulmi ne ya koma can fa?” Ko ɗago kai bai yi ba ya ce, “Wannan kam yankansa mushe ne.” Na ce na gode, na sa takalmina a juye na fito. Wata bakwai ke nan da jin wannan amsar, kuma ban ajiye wuƙar ba. Wannan ne laifin da na zo da shi. Ko me na yi imani da shi a zuciyata, su mutanen nan da abin da suka yarda da shi suke ci, kuma amanar da suka ba ni ke nan. Da sanina nake ciyar da su abin da in sun sani za su amayar.

Na gaya wa fasto. Bai yi mini faɗa ba, amma ya ce, “Ɗan'uwa, wanda aka sake haifa ba ya rayuwa da fuska biyu. Ka fito ka faɗi gaskiya, Ubangiji zai riƙe ka.” Faɗa da baki ba wuya. Shi in ya tashi gidansa zai koma wurin iyalinsa. Ni ɗakin da nake kwana na Baba ne, sana'ar ta Baba ce, kuma ranar da maganar ta isa ƙauye ban san yadda mahaifiyata za ta kwana ba. Yanzu in na shiga coci ina jin ni maƙaryaci ne, in na tsaya a sahu ina jin ni munafuki ne. An ce tsohon mutum ya mutu a ruwa. To wane ne wannan da ke tashi kullum yana yaudarar mutane? Nauyin ƙanena ya dawo, ga wani a kansa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne Babbar Salla saura kwana biyar. Bara Baba ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki, hannunsa na dama ba ya riƙe ko kofin shayi. Duk shekara shi yake yanka layyarsa da kansa. Shekaranjiya ya kira ni, ya nuna mini ragon da ya yi wata huɗu yana kiwo a bayan gida, sannan ya sa aka ɗauko wuƙarsa, wadda ko ɗan cikinsa bai taɓa bari ya taɓa ba. Ya ce, “Ɗana, jikina yana gaya mini wannan ce ta ƙarshe. Kai za ka yanka mini. Hannunka hannuna ne.” Na ce, “Baba, ga Malam, ai ya fi ni cancanta.” Ya ce, “Malam na goya ko kai?” Na sunkuyar da kai na karɓa da hannu biyu.

In na yanka, a wurinsa babu layya, kuma zai tafi kabarinsa yana sa mini albarka a kan abin da na lalata masa. In na ƙi, sai ya ji dalili, kuma Baba ba ya sakin magana. In na faɗa masa gaskiya, mutumin da hawan jini ya riga ya kayar sau ɗaya, ina tsoron in zama na kashe mutum biyu. Na yi tunanin in yanke hannuna da gangan a wurin aiki in ce tsautsayi ne, amma bayan Salla fa? Shanu ba za su daina zuwa ba.

Ban zo a yi mini muhawarar addini ba, kowane ɓangare na san abin da zai ce. Wuƙar Baba tana nan a ƙarƙashin katifata, na naɗe ta a tsumma, ban ko wasa ta ba. Ɗazu da na wuce ya ɗaga mini hannun nan mai lafiya, ya ce kar in manta in zo da wuri ranar Salla.

Me zan yi?