Rabin Ƙwayar Martina

Gaithersburg, 4 ga Maris

Yaya Hasiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya jikin Inna? Kin ce hawan jinin ya ƙi sauka duk da maganin da nake aikowa, abin yana raina.

Ni kam na tafka kuskure a wurin aiki, kuma ke kaɗai zan iya gaya wa. Kin san ƙaramin asibitin da nake aikin nas na marasa inshorar lafiya ne. Akwai wata Martina, 'yar El Salvador, mai sharar ofisoshi a cikin Washington. Ciwon suga gare ta, har ya fara cin yatsan ƙafarta. Muna ba ta magani kyauta, amma duk zuwan da za ta yi sugan na sama. Ba ta jin Turanci sai kaɗan. Tafintan Sifaniyanci kuwa sai ta waya, a yi minti ashirin ana jiransa, alhali minti goma aka yanka wa kowane majinyaci. Sai na riƙa yi mata faɗa da Turanci, ita kuma tana gyaɗa kai. Kin dai san ni da zafin kai. Sau uku na rubuta a fayil cewa ba ta shan magani, a ƙa'idarmu kuwa in an yi uku sai a cire sunan mutum a ba wanda ke layi. Ƙarshen watan nan za a cire ta.

Jiya na daure na jira tafinta. Yaya, ashe tana sha, amma rabi. Wuƙa take sawa ta raba kowace ƙwaya biyu, ɗaya ɓarin na uwarta ne, tsohuwa mai irin ciwon, wadda ba ta da takardun zama, ko ƙofar asibiti ba ta yarda ta bi ba. Kunya ta rufe ni. Ni da na tashi a gidan da ake miƙa wa maƙwabta magani ta kan katanga, wai ni ce na kasa ganewa.

Da hannuna na ɓata, da hannuna zan gyara. Ki sa ni a addu'a, ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Tayyiba

Gaithersburg, 9 ga Afrilu

Yaya Hasiya,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya. Na ga saƙonki, har da tsiyar da kika yi mini cewa yau Tayyiba ta san kunya.

An kai ruwa rana da shugabarmu, Constance. Ta ce ƙa'ida ƙa'ida ce, ga mutum arba'in a layi. Ban ga laifinta ba, amma ban janye ba. Na rubuta takarda da sunana cewa ni ce ban kira tafinta ba. An ba ni takardar gargaɗi, ta farko a shekara tara, an kuma bar sunan Martina.

Tsohuwar nan, uwar Martina, ita ce ta ba ni aiki. Na bi ta gida ranar Asabar da ledar lemo, tare da wata abokiyar aikina mai jin harshensu, na durƙusa na gaishe ta yadda muke gaida manya. Na rantse mata asibitinmu ba ya tambayar takardu. Sau biyu tana ƙi. A na uku ta zo, tana riƙe da gefen hijabina gam har gaban likita. Yanzu kowace da kwalbar maganinta.

Yatsan Martina dai sai da aka cire shi. Ƙafar ta tsira, amma wata shidan da na yi ina faɗa ba na saurare yana cikin abin da ya ci yatsan nan. Ba zan manta ba, kuma ban sake duba mara jin Turanci ba tare da tafinta ba, kowa ya yi ta hararar agogo.

Yanzu ga naki aikin. Ki shiga ɗakin Inna ki buɗe kwalbar da na aiko. In kin tarar da ƙwayoyin a rarrabe, don Allah kada ki yi mata faɗa irin nawa. Ki zauna ki tambaye ta wa take ba rabin, ki sa su a mota su biyu ki kai su asibiti.

Allah Ya ƙara lafiya, Ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Tayyiba