Guntayen Baba

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan karatu na tafiya daidai. Mamarki na gaishe ki, ta ce ki riƙa cin abinci.

Shugabar makarantar nan da ke neman bencuna ta ce ranar Alhamis za ta duba aikinmu a intanet, in ba ta ga komai ba, za ta ba wani kafintan aikin. Kin san wata biyu ke nan zarto bai yi kuka a shagon nan ba.

To, na buɗe manhajar da kika nuna min kafin ki tafi. Hagu kayanmu, dama ɗakin ajiyar da kika ce sunansa saba. Kalmar sirrin sau shida na buga ta, yatsan kafinta harafi biyu yake dannawa lokaci guda. Na ja fayilolin shafin da kika haɗa mana daga hagu zuwa dama, suka haye lafiya. Amma da na buɗe shafin a waya, ba launi, ba tsari, rubutu ya zube kamar ƙusoshi a ƙasa. Ni da na bar makaranta a aji huɗu, ga shi na tuɓe wa intanet riga.

Mahaifinki

*

Baba,

Ina gaishe ka da Mama, ya aiki? Shafin nan lafiyarsa ƙalau na bar shi. Don Allah ƙirga min fayilolin da ke dama, ya kamata su zama talatin da ɗaya. In abin ya gagara zan shigo mota ran Talata, jarrabawar Laraba na rubuta ta baɗi.

'Yarka

*

Auta,

Gaisuwa. In kika taka tasha, ni da ke ne.

Na ƙirga, goma sha tara ne. Sauran sha biyun kuwa, bari in faɗa tun ba a kai ni kotu ba. Kafin in tura, na ga wasu 'yan ƙanana, ba hoto ba ne, ba rubutun da mutum zai karanta ba ne. Na ce guntayen aiki ne yarinyar nan ta bari, na share wurin tas. Wa ke kai wa mai kaya kujera da ɓarɓashin katako a kanta?

Ki daina dafe kai, ina ganinki daga nan. Shekara talatin ban taɓa jefar da guntun katako ba. Folda na buɗe musu, na sa mata suna Guntaye. Faɗa min gurbin kowanne.

Mahaifinki, mai laifi

*

Baba,

Barka da aiki. Na yi dariya har abokiyar ɗakina ta leƙo. Guntayen nan su ke riƙe da launi da tsarin shafin gaba ɗaya. Ga jerin gurabensu a bayan takardar nan. Mayar da su, ka sake turawa. In manhajar ta tambaya ko ta maye gurbin na da, ka amsa mata e. Kada ka gyara komai, Baba. Komai.

A gaida Mama.

'Yarka

*

Auta,

Ya jarrabawa? Talatin da ɗaya cif, sau uku na ƙirga. Shugabar ta gani, gobe zan je awon azuzuwa.

Ta tambayi wanda ya yi mana shafin. Na ce ni ne, da wata yarinya da nake koya wa aiki.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki