Kifin da Inna Ta Ba Baƙo

Zuwa ga Babban Jami'in Kula da Kamun Kifi na Yankin Tafki.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a ƙarƙashin fankar ofishinka. Ni malamin kimiyya ne a Yelwa. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita ce tsohuwa mai banda da ofishinka ya hana sayar da kifi, wai an sami guba a kayanta.

Na farko. Ba ni da faɗa da na'urar da kuka aika wa kifin a ƙasar waje, don ina koyar da labarinta a aji. Ana tatso sinadaran da ke cikin tsokar kifi, a mai da su tururi, a buge su da lantarki su farfashe, sannan a koro gutsattsarin ta gaban maganaɗisu. Marar nauyi ya karkace sosai, mai nauyi ya karkace kaɗan, kowa ya faɗa gurbinsa, kamar yadda iska ke raba tsaba da ƙaiƙayi wurin sheƙa. Kowane sinadari da irin farfashewarsa, da haka ake gane shi. Na'urar ta ce akwai maganin ƙwari a kifin, kuma na yarda akwai. Amma ita nauyi take aunawa. Ba ta san masunci ba, ba ta san jirgi ba. Wannan aikin mai baki ne, a nan kuwa kuka kwanta barci.

Na biyu. Ma'aikacinka ya zo sabon ƙauyen da aka mai da mu bayan ruwan dam ya cinye tsohon. Ya sauko daga mota da takalmi mai ƙyalli, bai gaida kowa ba, bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Cewa kawai ya yi a ba shi kifi. Ranar nan Inna ta sayar da nata kakaf. To a wurinmu baƙonka annabinka, kuma abin kunya ne mai banda ta ce wa baƙo babu. Sai ta ɗaura zane ta gangara bakin ruwa, ta sayi ƙaton giwan ruwa daga wani jirgi da ba na garinmu ba, ta kawo masa hannu bibbiyu. Shi kuwa gwanin ya yanki tsoka ya sa a kwalbar gwaji, ya rubuta sunanta a jiki, ya shige mota da sauran kifin. Ko ɗan koyo ya san ana tambayar inda aka kama kifi kafin a auna shi. Kun iya tsallaka teku da kifi, amma buɗe baki ku yi tambaya ɗaya ya gagare ku.

Na uku. Mai zuba gubar a tafki don kama kifi yana nan yana sha'aninsa. Har yanzu matattun kifaye na tasowa saman ruwa ta wajen garin Wara, ku kuwa kun bar jaki kuna dukan taiki. An yi shela da sunan Inna a kasuwar Yawuri. Matan da suka yi ƙuruciya tare sun daina karɓar ko gishiri daga hannunta. Gonarta tana ƙarƙashin tafkinku, ta haƙura. Abin da ya rage mata sunanta ne, shi ma kun sa hannu kun ɗauke. Wannan ya ƙona mini rai, kuma ba na ɓoyewa.

Ga buƙatuna. A zo a ɗauki kifi daga murhun bandarta a gaban sarkin ruwa, a mayar wa na'urar nan taku. A bi sawun jirgin nan. In sakamako ya fito, a wanke ta a kasuwar da aka ɓata ta, da bakin mai shelar da ya ɓata ta.

Akwai kuma saƙo daga Inna, wanda da don ni ne ba zan isar ba. Da na bayyana mata cewa kifin da ta ba baƙo yana da guba, ba ta tambayi kasuwa ba. Salati ta yi, ta ce in tambaye ka ko mutumin ya ci, ko ya kai wa iyalinsa. Tun ranar take yi masa addu'a.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ma'aikatanka bakin tambaya. Ka amsa mata ko wannan ɗaya.

Wassalam.

Ɗan Inna mai banda,
Yelwa.