Soron Kaka da Cocin Sufaye

Dawakin Tofa,
Afrilu, 1984.

Zuwa ga Yaya Abdulƙadir,

Gaisuwa mai yawa. Yaya karatu, yaya sanyin Ingila? Inna tana gaishe ka, ƙafar da sauƙi.

Littafin ya iso. Na rubuto maka cewa gero ya ƙare a rumbu, kai kuma ka aiko mini da hotunan fadojin sarakunan Turai! Ɗaki ɗari bakwai, ko akuya ɗaya babu a ciki. Dafawa za mu yi? Har kana yabon yadda suke riƙe ginin kakanninsu. To ka ji naka: Baffa Nababa ya rantse zai rushe soron Kaka kafin ruwa ya sauka. Takin zamani ya gagara, shanu an sayar, wai tsohuwar ƙasar ginin zai watsa a gona. Soron da aka raɗa mana suna a cikinsa! Na yi magana, ya ce karatun da babu malami ne ya taɓa mini kai.

Ka rubuto masa, kai yake jin kunya.

Ƙaninka,
Ɗanliti.

Yuni, 1984.

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Shiru kake, to na yi abina.

Haushi ya sa na karance littafin naka, ina haɗa Turancin da ƙyar. Can ƙarshe akwai labarin wani gidan sufayen Nasara. Sarki ya kore su, mutanen gari suka kwashe duwatsun ɗakunansu suka gina garken tumaki. Cocin kaɗai ya tsira har yau, don ƙauyawa suna ibada a ciki.

Ka san masallacin unguwarmu rumfar kara ce, iska ta yaye ta. Na share soro, na shimfiɗa tabarmi, na roƙi Liman ya fake a nan. Sati bai cika ba sahu ya kai uku. Baffa ya zo da magina da diga, ya tarar ana la'asar. Haka ya cire takalmi ya bi sahu, yana hararata har aka sallame.

Soro ya tsaya. Amma Baffa ya rama. A gaban jama'a ya ce tunda Allah ya shiryi Ɗanliti, a ba shi ladanci. Kowa ya ce madalla. Ni da Inna take yayyafa wa ruwa kafin in tashi asuba! Ga noma, ga maƙogwaro ya dushe.

Don Allah, in sufayen nan sun rubuta yadda ake sauka daga wannan aiki, aiko mini da littafin.

Naka,
Ladan Ɗanliti.